Kibiyar da ke ɓacewa tsakanin allo da takarda

A lissafin da muke koya wa yara a kwaleji da lise akwai wata ƴar alama da tsawonta a takarda bai wuce ƙwayar shinkafa ba, amma idan ta faɗi sai magana ta gaskiya ta koma ƙarya. Kibiya ce da ake ɗorawa a kan harafi ɗaya ko biyu don a nuna abin da muke kira bekter. Na daɗe ina koyar da lissafi a nan Gure, kuma a duk wahalhalun buga takardun jarrabawa babu wanda ya kai wannan kibiya cin rai. Ko a wannan rubutu ba zan yi gangancin ɗora ta ba, domin na san a wayoyin da yawa daga cikinku wani ɗan akwati ne zai fito a madadinta. Duk inda ta kamata, zan ce "mai kibiya" kawai.

Bari in fara da iyaye, tunda malaman lissafi sun san karatun. Idan aka rubuta AB haka tsirara, tsawo ake nufi, wato lamba: mita nawa ne ko kilomita nawa ne tsakanin A da B. Idan aka ɗora kibiya a kai, to an koma maganar tafiya: daga ina aka tashi, ina aka dosa, nawa ne nisan. Tsakanin Gure da Damagaram tsawon hanya ɗaya ne ko ta wane gefe ka auna. Amma wanda ya hau mota daga Gure ya yi yamma ta Gidimuni, da wanda ya taso daga Damagaram ya yo gabas, ba tafiya ɗaya suka yi ba. Wanda kuwa ya je ya dawo, ya ci tsawon hanyar sau biyu, kuɗin motarsa ma sau biyu ya biya, amma a lissafin masu kibiya tafiyarsa sifili ce, domin yana nan inda ya tashi. Mutanen kwarurrukanmu da ke kafa shinge don tare yashi sun san wannan karatu ba tare da sun shiga aji ba. Ba ƙarfin iska kaɗai suke dubawa ba, sai sun san daga ina take busowa kafin su san yadda za su gicciya shingen. Abin da ke da ƙarfi kuma yake da inda ya fuskanta, shi ne kibiyar take wakilta.

Akwai wata ƙa'ida da kowane ɗan turwaziyem ya haddace, wadda ke ɗauke da sunan Michel Chasles, masanin lissafi Bafaranshe da ya rasu a 1880. Tana cewa AB mai kibiya a tara da BC mai kibiya daidai yake da AC mai kibiya. Ma'anarta a fili take: idan ka tashi daga A ka biya ta B sannan ka ƙarasa C, to ƙarshenta dai daga A ka zo C. Yanzu a cire kibiyoyin nan uku. Mutum ya yi kilomita 3 gabas, ya juya ya yi 4 arewa. Tsakaninsa da inda ya tashi kilomita 5 ne, irin awon nan na uku da huɗu da biyar da magina ke yi da igiya idan suna son kusurwar ɗaki ta miƙe. Takardar da ta zubar da kibiyoyinta tana gaya wa yaro ke nan cewa 3 a tara da 4 ya ba da 5. Haka abin yake a darasin fizik. Littafi yana kan tebur, nauyinsa yana jansa ƙasa, tebur yana tura shi sama. Da kibiya, ƙarfin nan biyu idan aka tara su sifili ne. Babu kibiya, an ce lambobi biyu da kowace ta fi sifili sun haɗu sun zama sifili, abin da ko ɗan firamare ba zai yarda da shi ba.

Kuma ba kibiyar ce kaɗai ba. Tsarin da muka gada daga Faransa, wanda yake cikin littattafan CIAM da yawancinmu muka yi karatu da su muka kuma koyar da su, ya jibga ma'ana a kan ƙananan alamu. AB a cikin baka biyu layi ne da ba shi da farko ba shi da ƙarshe. A cikin baka masu kusurwa, guntun layi ne daga A zuwa B. Da sanda a kwance a kai, awo ne da zai iya zama ƙasa da sifili. Da ƴar hula a kan haruffa uku, kusurwa ce. Haruffan ba su canza ba, abin da aka ɗora musu ne ke faɗin ko su wane ne.

Wata shekara aka kawo mana takardar jarrabawar gwaji ta shirin BEPC, wadda wasu malamai suka haɗu suka tsara, aka buga ta a wani wuri, aka rarraba wa makarantu da dama. Ina cikin masu tsaron aji. Ba a yi minti goma ba wata yarinya a layin gaba ta ɗaga hannu ta ce, "Mushe, tambaya ta uku ba ta yiwuwa." Na duba. Gaskiyarta. An ce a nuna cewa AB daidai yake da DC, sannan a faɗi ko wace irin siffa ce ABCD. Da kibiya, amsar ita ce siffar nan mai gefe huɗu da kowane gefe ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da na gabansa. Babu kibiya, gefe biyu ne kawai tsawonsu ya zo ɗaya, kuma wannan bai isa a yanke hukuncin komai ba. Kibiyoyin duk sun zube a hanya. Na ɗauki alli na gyara a allo, na aika aka gaya wa sauran azuzuwan. Amma makarantun da ke nesa fa, inda mai tsaron ajin malamin tarihi ne ko na Faransanci? A can yaron da ya fi fahimta shi ya fi shan wahala, domin shi ne zai tsaya yana kokawa da tambayar da ba ta da amsa. Wanda ya haddace ba tare da ganewa ba zai rubuta abin da ya saba ya wuce abinsa, ya kuma ci maki.

Abin da ya fi damuna ke nan. Mu ne muke zare wa yaro rabin maki idan ya manta kibiya a takardarsa, kuma daidai ne mu zare. Amma yaron nan ya shekara yana karɓar takardun da wani lokaci akwai kibiya, wani lokaci babu, wani lokaci tana can tana shawagi a kan wata kalmar da ba ruwanta. Me muka koya masa? Mun koya masa cewa ado ce, ana sa ta idan an ga dama.

Hanyoyin da take ɓacewa ba su da wuyar ganewa. Mafi yawan takardunmu malami ne ke rubutawa da hannu, ya kai wa mai buga takardu a kwamfuta, a makaranta ko a shagon cikin gari. Mai bugun nan ya iya aikinsa, wasiƙa da takardar neman aiki da katin biki duk yana fitar da su tsaf, amma ba a taɓa gaya masa cewa ɗan jan layin da ke kan AB yana da ma'ana ba. Wani ya ɗauka hannun malam ne ya zame. Wanda ya lura kuma, sai ya shiga wurin zane-zane na Word ya ɗauko kibiya ya ja ta da linzami ya ajiye a kan haruffan. A fuskar kwamfutarsa ta zauna daram. Matsalar ita ce wannan kibiya ba ta san da haruffan ba, hoto ce da aka ajiye a wani gurbi na shafi. Da an ƙara kalma ɗaya a sama, ko an buɗe takardar a wata kwamfutar da girman haruffanta ya bambanta, sai rubutu ya matsa ya bar ta a inda take. Na taɓa ganin takardar da kibiyoyi huɗu suka yi layi a gefen shafi kamar zabi a kan katanga, haruffansu suna can ƙasa.

Sai kuma WhatsApp, wanda ya zama babbar hanyar da malamai ke musayar darussa da tsofaffin jarrabawa. Alheri ne babba, ban musa ba. Malamin da ke Tasker ko Kelle yana samun abin da na Yamai ya samu a rana ɗaya. Amma idan aka tura takardar Word yadda take, kowace waya da irin manhajar da za ta buɗe ta, kuma ba kowace ce ke da haruffan lissafin da aka yi amfani da su ba. A tsarin Unicode, wanda shi ne ya ba kowane harafi na duniya lambarsa, akwai ƴar kibiya da aka tanada don ta hau kan harafin da ya gabace ta. Sai dai harafi ɗaya kawai take iya hawa, ba ta miƙewa a kan biyu, kuma yawancin nau'o'in haruffa ba su ɗauke da ita. Na ƙarshe shi ne injin fotokofi. Kibiya siririya ce. Idan tawada ta yi ƙasa, ko ƙurar hunturu ta shiga injin, ko kuma kofin kofi ne na kofi, ita ce farkon abin da ke dushewa. Uba ya biya dala biyar-biyar a kan kowane shafi, ya kawo wa ɗansa takardar da aka cire mata rai.

Mu Hausawa bai kamata wannan ya zama mana baƙon abu ba, domin ciwon da rubutunmu ya daɗe yana fama da shi ke nan. Tun da aka shigo da haruffa masu lanƙwasa cikin boko a shekarun 1930, injunan bugu suke wahalar da su. Fada da faɗa, kafa da ƙafa, baki da baƙi, kaya da ƙaya: ɗan lanƙwasa ne kawai ya raba su. Waɗanda suka yi aiki da tafireta suna tuna yadda ake gama bugu sannan a bi da alƙalami ana yi wa k da d da b ƙugiya ɗaya bayan ɗaya. Mu a Nijar ma muna da ƙari, tunda ƙa'idar rubutun da aka tsayar a 1999 ta riƙe ƴ mai lanƙwasa, inda ƴan'uwanmu na Najeriya ke sa ɗan waƙafi a gaban y. Bambancin shi ne mai karanta Hausa yana da abin dogaro. Idan ya ga "sarki yana fada" zai duba abin da ke gaba da baya ya gane ko zaune yake a fadarsa ko hannu ya ɗaga. Yaron da ke koyon bekter ba shi da wannan gatan, domin harshen ne gaba ɗaya yake koyo, kuma a takardar jarrabawa babu gaba babu baya, layi ɗaya ne tak.

Akwai ma misalin da ya fi wannan kusa da mu. Duk wanda ya taɓa zama kusa da alaramma mai rubuta Alƙur'ani da ka, irin na ƙasar Barno da muke maƙwabtaka da ita, ya ga yadda aikin yake tafiya. Baƙaƙen da baƙar tawada ake rubuta su, sannan a dawo da jar tawada a bi su da wasali. Ba a cewa an gama sai an yi wannan zagaye na biyu, kuma ba wanda zai karɓi allon almajiri a ce wasalin ya zube amma ba komai, ai an gane. Iyayen da suke ganin kibiya ƙaramin abu ce, su tuna da fataha da kisira.

Turawan Ingila da Amurka sun bi wata hanyar dabam. Tun zamanin Oliver Heaviside da littafin da aka fitar daga darussan Josiah Gibbs a 1901, bekter a bugu da harafi mai kauri ake nuna shi. Shi ya sa idan yaro ya samo littafin fizik daga Kano ko Maiduguri zai ga F baƙi ƙirin babu komai a kansa, ya zo yana tambaya ko kuskure ne. Ba kuskure ba ne, al'ada ce. Amma ban ga ta dace da mu ba. Alli ba ya rubuta harafi mai kauri, bik ma haka, kuma bayan fotokofi na uku mai kauri da marar kauri duk sun zama ɗaya. Kibiya ta fi, in dai za a buga ta da kyau.

Kuma ana iya bugawa da kyau. A 1978 wani masanin kwamfuta na jami'ar Stanford, Donald Knuth, ya fitar da wata manhaja mai suna TeX, saboda bai ji daɗin yadda madaba'a ta fitar da lissafin da ke cikin littafinsa ba. Daga baya Leslie Lamport ya gina LaTeX a kanta, wadda ita ce masana lissafi a duniya suka fi rubutu da ita har yau, kuma kyauta ce. A cikinta ba a jan kibiya da linzami. Umarni ake rubutawa cewa wannan kibiya ta waɗannan haruffa ce, saboda haka duk inda suka je tana biye da su. Wani tsohon ɗalibina da ya dawo hutu daga jami'a ne ya sa mini ita a kwamfuta daga ɗan filas, kuma ba ta bukatar intanet bayan an sa ta.

Amma ko a can sai an zaɓa. Umarnin \vec ƴar gajeriyar kibiya yake bayarwa, wadda ta dace da harafi ɗaya kamar u ko v. Idan ka ɗora ta a kan AB sai ta tsaya a tsakiya, ba ta rufe A ba, ba ta rufe B ba, kamar hular yaro a kan babban mutum. Umarnin \overrightarrow yana miƙewa daidai faɗin haruffan, sai dai kansa ƙato ne, yakan taɓa haruffan ko ya tokare layin sama har tazarar layuka ta lalace. Wani Bafaranshe mai suna Eddie Saudrais ya yi wani ƙari da ake kira esvect don wannan matsala kaɗai. Umarninsa \vv ne, kibiyarsa tana miƙewa, kuma akwai kawuna iri takwas da mutum zai zaɓa. Ni wanda ya fi cika da tawada nake ɗauka, ko da bai fi kyau a ido ba, domin ba fuskar kwamfuta nake tunani ba, injin fotokofin da ke jiran takardar nake tunani. Akwai kuma i da j, waɗanda muke sa wa kibiya kullum idan muna kafa ma'aunin shafi. Ɗigon da ke kansu yana karo da kibiyar, sai abin ya zama wani dunƙule. Maganinsa \imath da \jmath, wato i da j marasa ɗigo. Ƙaramin abu ne, amma yaron da ke bencin baya, mai karanta kofi na biyar, shi ya san amfaninsa.

Ba ina cewa kowane malami ya koma LaTeX ba. Mutumin da ke da aji huɗu, kowane da yara fiye da sittin, ga wuta da ke zuwa tana tafiya, ba zan ɗora masa koyon sabon harshe ba. Word ɗin da ke gabansa ma ya isa. Tun fitowar 2007 yana da wurin rubuta lissafi na kansa: a danna Alt tare da alamar daidai, akwatin lissafi zai buɗe, a cikin jerin alamun da ake ɗorawa a kan harafi akwai kibiya mai miƙewa. Wannan kibiyar a ɗaure take da haruffanta. LibreOffice, wanda shi ma kyauta ne, yana da widevec mai yin aiki iri ɗaya. Na zauna da wani mai shagon buga takardu a nan garin, yaro mai hankali, na nuna masa wannan. Bai ɗauki rabin awa ba ya iya. Da na gaya masa labarin 3 da 4 da 5 sai ya riƙe baki ya ce, "Malam, ashe ƙarya muke ta buga wa yara." Ba laifinsa ba ne. Ba wanda ya taɓa zama da shi, kuma yanzu har kira yake yi ya tambaya ko layin da ya gani sanda ce ko kibiya.

Abin da na roƙi abokan aikina, kuma nake roƙon duk malamin da ya karanta wannan, bai fi ƙarfin kowa ba. Takardar lissafi kada ta bar kwamfutar da aka buga ta sai an mai da ita PDF, domin shi ne ke daskarar da shafi yadda yake, ya tafi da haruffansa. Kuma kada a ba da izinin buga ɗari biyu sai malamin darasin da kansa ya riƙe kofin farko da ya fito daga injin, ya bi shi layi-layi. Idan kibiya ta dushe, ya sa baƙin bik da rula ya ja ta a kan takardar asali, kamar yadda malamanmu suke yi da tsinke a kan takardar roniyo. Kibiyar hannu mai kauri ta fi ta kwamfuta da ba a gani. Inda aka haɗa jarrabawa ta makarantu da yawa kuwa, a sa lambar wayar malami ɗaya na lissafi a hannun kowane shugaban tsaro, don ajin da ke nesa ya samu gyara a lokacin da na cikin gari ya samu.

Iyaye kuma, ko ba ku yi lissafin nan ba kuna da abin yi. Idan yaro ya kawo takardar da aka gyara, kuka ga an zagaye wasu haruffa biyu da jan bik an rage maki, kada ku ce malam ya cika tsanani. Ku ce ya nuna muku takardar tambayoyin, ku duba ko ita tana da kibiyar. Idan tana da ita, yaro ya sake rubuta layin a gabanku, ya kuma gaya muku da Hausa daga ina aka tashi, ina aka dosa. Idan ba ta da ita, ku riƙo takardar ku zo makaranta da ita, ku nemi malamin lissafi.